Talantin da Ke Hannun Manya

Duk wanda ya taɓa sauka Kumasi ya san Adum. Nan ne cibiyar birnin, inda manyan kantuna da bankuna da babban gidan waya suke, nan ne kuma bishara ta fara kafa ƙafa a ƙasar Asante. Thomas Birch Freeman na ikilisiyar Metodis ya iso Kumasi a shekarar 1839. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel kuwa da farko a matsayin kamamme ya shigo, gama mayaƙan Asante sun kama shi a 1869, ba a sake shi ba sai 1874. Ya komo a 1896 ya kafa aikin mishan a Adum, majami'ar da ke ɗauke da sunansa kuma tana nan har wa yau. Ko'ina masu bisharan nan suka kafa majami'a, sai sun kafa makaranta kusa da ita. Daga wannan tushe ne manyan makarantun birnin suka fito daga baya: kwalejin Prempeh a 1949, wadda Metodis da Presbiteriyan suke da hannu a kafa ta, sai Opoku Ware da St. Louis na Katolika a 1952.

Daga Adum zuwa Zango tafiyar ƙafa ce, in an ratsa ta Kejetia da babbar kasuwa. Fataken goro ne asalin Hausawan wannan ƙasa, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma baƙi daga arewa suka yi ta ƙaruwa, har Zango ya haifi unguwanni kamar Sabon Zango da Aboabo da Asawase. Ba Hausawa kaɗai ke ciki ba. Akwai Kusasi da Frafra da Busanga da Mosi da Dagomba, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da gidan haya. Yawancinsu Musulmi ne, amma akwai masu bi a cikinsu, waɗanda suke sujada da Hausa domin ita ce kowa yake ji.

Ko da yake hanyar gajera ce, shekaru da yawa ɗan Zango bai bi ta zuwa aji ba. A bakin mutanen Zango in an ce makaranta, ta allo ake nufi. Iyaye Musulmi sun daɗe suna jin tsoron boko domin a hannun mishan yake, talakawan masu bi kuwa suna so, amma babu kuɗi. Abin ya sake da sannu. An buɗe sakandaren Ahmadiyya ta Kumasi a 1950, a 1987 kuma hukumar ilimi ta Ghana ta kafa sashen makarantun Islamiyya, aka haɗa Larabci da boko a ɗaki ɗaya. Yau da safe in ka tsaya a bakin hanya za ka ga yaran Zango da yawa sanye da rigar makarantar gwamnati. An sami shiga, godiya ga Allah. Abin da ya rage a tambaya shi ne, in a cikin waɗannan yara akwai wanda Allah ya ba kaifin kai fiye da tsaransa, me makarantar gwamnati take da shi dominsa, kuma wa zai kai shi wurin abin?

Yaron da ya dami aji

Akwai wani mai bi daga wajen Bawku da yake gadin wani kanti a Adum da dare. Matarsa tana suyar masa da ƙosai a ƙofar gidan da suke haya a Zango. 'Ya'yansu huɗu, ƙaramin ana ce masa Auta. Tun yana firamare ƙorafi ke biyo shi gida. Malamai suka ce ba ya zama wuri ɗaya, yana surutu, yana tambayar abin da ba a kai ba, wani lokaci har yana gyara wa malami a gaban yara. Ajinsu ya haura mutum sittin. In an rubuta lissafi goma a allo, kafin na kusa da shi ya gama na biyu shi ya gama duka, sa'an nan ya shiga ja wa wani kunne ko zanen mota a bayan littafi. Uban mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son a ce ɗansa ba shi da ladabi, saboda haka duk ranar da aka kawo ƙara sai bulala ta yi aiki.

Haka yawancin irin waɗannan yara suke bayyana. Mutane suna zato yaro mai baiwa shi ne wanda yake zaune shiru a layin gaba, yana zuwa na ɗaya kullum. Akwai irinsa. Amma sau da yawa mai baiwa shi ne wanda aka ƙosa da shi, domin abin da ake maimaitawa mako guda shi ya gane tun ranar fari, sauran kwanakin kuma zaman jira yake yi. Kai mai kaifi in ba a ba shi aiki ba yakan nemo wa kansa, aikin da ya nemo kuwa ba kullum yake da kyau ba.

Sa'ad da Auta ya shiga ƙaramar sakandare, aka kawo musu sabon malamin lissafi, wani saurayi Musulmi daga Aboabo. Wata rana ya rubuta 48 sau 52 a allo, kafin ya juyo sai ya ji an ce 2,496 daga bayan aji. Bai tsawata ba. Bayan an tashi ya kira yaron.

"Ka taɓa ganin wannan lissafi ne a wani wuri?"

"A'a, Malam. Hamsin sau hamsin 2,500 ne, sai a cire huɗu."

"Don me za a cire huɗu?"

"Haka yake yi kullum, Malam. Tara sau sha ɗaya ɗari ne ba ɗaya. Takwas sau sha biyu ɗari ne ba huɗu. Bakwai sau sha uku ɗari ne ba tara. A wurin ƙirga kuɗin masa na lura."

Malamin ya gane cewa yaron ya tono da kansa wata ƙa'idar aljabara da ba a koya masa ba tukuna. Abin da ya yi bayan haka bai ci kuɗi mai yawa ba. Ya yafe masa maimaita lissafin da ya riga ya iya, ya kawo masa tsofaffin littattafansa na babbar sakandare, ya ce ya yi ta fama da su a bayan aji, in ya cije ya zo. Ya kai shi laburaren jihar Asante da ke harabar cibiyar al'adu, ya yi masa rajista. Ran Asabar da safe kuma yakan tara shi da waɗansu yara biyar, maza da mata, su yi sa'a biyu suna warware tambayoyi masu wuya. Ya ɗora masa kuma bayyana wa 'yan ajinsu abin da ba su gane ba, gama wanda ya koya wa wani ya koya sau biyu. Babu wanda ya biya malamin nan ko sidi ɗaya a kan wannan aiki. A cikin zango ɗaya na karatu ƙarar da ake kaiwa gida ta ɗauke.

Abin da ƙasa ta tanada

Ba za a ce Ghana ba ta kula da yara masu ƙwazo ba. Daga shekarun 1950 hukumar cinikin koko ta yi shekaru da yawa tana biya wa 'ya'yan manoman koko kuɗin sakandare. A zamanin Kwame Nkrumah aka yi wa 'yan arewa tallafi na musamman, domin Turawan mulki sun bar arewa a baya wajen ilimi. A 1987, shekarar da aka sake tsarin makarantu aka kawo ƙaramar sakandare da babba, hukumar ilimi ta fara tara 'yan mata lokacin hutu domin ƙarfafa su a kan kimiyya da lissafi. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa cibiyoyin kayan gwajin kimiyya a zaɓaɓɓun sakandare, domin makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje su riƙa kai ɗalibansu can. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya kafa asusun ilimi a 1999, shekarar da ya hau gadon sarauta, domin yara masu ƙwazo marasa gata. A 2017 majalisa ta yi dokar asusun raya Zango, ilimi yana cikin abubuwan da aka ɗora masa.

Amma abin da ya fi shiga zuciyar jama'a shi ne gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare da ake nunawa a talabijin. Asalinta wata tambaya ce da Kwaku Mensa-Bonsu ya yi a filin wasan tanis na Jami'ar Ghana a 1993: me ya sa tsuntsu yake sauka a kan wayar lantarki ba ta kashe shi ba, mutum kuwa in ya taɓa sai ya mutu? Daga hirar nan aka shirya gasa, aka fara a 1994 da makarantu 32, Farfesa Marian Ewurama Addy ce ta fara yin tambayoyin. Kwalejin Prempeh ta Kumasi ce ta ɗauki kofin farko, ta sake ɗauka a 1996 da 2015 da 2017 da 2021. Opoku Ware ta ɗauka a 1997 da 2002. Ranar ƙarshen gasa za ka iske shagon aski a Zango ya cika, mutanen da ba su taɓa shiga ajin kimiyya ba suna ihu kamar ana ƙwallo. Wannan abin kirki ne ƙwarai, gama ya koya wa yaro cewa ana tafa wa mai lissafi kamar yadda ake tafa wa mai buga ƙwallo.

Sai dai in an duba jerin waɗanda suka ɗauki kofin daga 1994 zuwa 2024, za a ga wani abu. Dukansu tsofaffin makarantun kudu ne, yawancinsu mishan ne ya kafa su, kusan dukansu na maza. Babu makarantar arewacin Ghana a ciki, babu kuma makarantar 'yan mata zalla. Allah bai raba basira bisa ga taswira ba. Abin da jerin yake nunawa shi ne inda ɗakunan gwaji suke, da inda ƙwararrun malamai suka taru, da inda tsofaffin ɗalibai masu hali suke zuba kuɗi. Haka kuma yawancin tanadin da aka lissafta a sama a babbar sakandare yake jiran yaro. Tsani ne mai kyau, amma matakansa na ƙasa sun ɓace. Yaron firamare da na ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati, samun wanda zai lura da baiwarsa ya rataya ne a kan irin malamin da Allah ya haɗa shi da shi.

Takardar zaɓen makaranta

A ƙarshen ƙaramar sakandare kowane yaro yana rubuta jarrabawar BECE. Tun 2005 kwamfuta ce take rarraba yara zuwa babbar sakandare, bisa ga makinsu da makarantun da suka zaɓa a takarda. An kasa makarantun aji aji, manyan su ne rukunin A, kuma a 2019, shekarar da Auta ya rubuta, ɗaya tak ake yarda yaro ya zaɓa daga wannan rukuni. Wannan takarda ƙarama ce, amma a kanta ne rayuwar yara da yawa take juyawa, gama uban da bai yi karatu ba yakan ce a rubuta wadda ta fi kusa da gida a huta.

Haka ya kusa faruwa. Auta yana da kawu, wan mahaifiyarsa, makanike ne a Suame Magazine, babbar unguwar masu gyaran mota da ƙere-ƙere ta Kumasi. Kawun ya riga ya yi magana cewa yaron ya zo wurinsa koyon aiki da zarar ya gama, ko kuwa ya yi makarantar jeka-ka-dawo yana zuwa gareji da yamma. Maganarsa tana da hujja. Ya ga masu digiri suna yawo da takardu babu aiki, shi kuwa da sifana ya gina ɗaki biyu.

Malamin lissafi ya zo gidan da kansa wata Lahadi bayan an taso sujada. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya gaishe da uban.

"Baba, na zo ne a kan takardar Auta. Ina roƙo a bar shi ya sa babbar makaranta a zaɓin farko."

"Malam, mun gode da ƙoƙarinka. Amma waɗannan makarantu na 'ya'yan manya ne. Ni mai gadi ne. Kowa ya san tsawon bargonsa."

"Baba, tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta da na kwana da na abinci. An kuma keɓe kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu domin yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. Gurbin nan na irinsu Auta ne. In ba su nema ba, wasu za su cika shi."

Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai yi shawara da kawun da kuma dattawan ikilisiya. Kawun bai sauko da sauƙi ba, sai da aka yi masa alkawari yaron zai riƙa zuwa gareji kowane dogon hutu. Aka cika takarda. Da sakamako ya fito, kwamfuta ta ba Auta gurbi a ajin kimiyya na ɗaya daga cikin manyan makarantun kwana na Kumasi.

Murna ba ta daɗe ba aka kawo jerin kayan da zai tafi da su: akwatin ƙarfe, akwatin katako na ajiye garin rogo da sukari da yaji, katifa, bokiti, takalma, zanen gado, gidan sauro. Karatu kyauta ne, amma waɗannan kaya sun fi albashin mai gadi na wata. Nan ne zumuntar mata ta ikilisiya ta tashi. Wata ta kawo katifar ɗanta da ya gama, wata ta kawo bokiti, aka yi baiko na musamman ran Lahadi aka sayi akwati. Alhajin da yake da gidan hayar, da ya ji labari, ya aiko da takalma. Hannu da yawa, in ji masu magana, maganin ƙazamar miya.

A makarantar Auta ya gamu da abin da bai taɓa gani ba, wato yaran da suka fi shi. Waɗansu sun fito daga makarantun kuɗi, Turanci a bakinsu kamar ruwa, sun taɓa kwamfuta tun suna ƙanana. Zangon farko ya sha wuya, har ya yi tunanin gudu. A watan Maris na 2020 kuma aka rufe makarantu saboda annobar korona, ya koma ɗaki ɗaya a Zango watanni da yawa babu intanet, abokansa kuwa suna karatu a waya. Tsohon malaminsa ne ya riƙa aro masa littattafai. Da aka koma, aka ɗauke shi cikin ƙungiyar da makaranta take horarwa domin gasar kimiyya. Bai kai ga hawa dandali ba, gama mutum uku ne kawai suke wakiltar makaranta. Amma horon da ya sha a ƙungiyar, na karatun dare da tambayoyi masu zurfi, shi ne ya buɗe masa ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah bayan ya gama a 2022, inda ya shiga karatun injiniya. Zaman garejin kawunsa ma bai tafi a banza ba, domin a ajinsu yana cikin kaɗan da suka taɓa kwance inji da hannunsu.

Wadda ba a gani ba

Da labarin ya tsaya nan, da sai a rufe da waƙar godiya. Amma gidan mai gadin nan yana da wata 'ya, yayar Auta, ta girme shi da shekara huɗu. Ita ce ta koya masa karatu tun bai shiga aji ɗaya ba, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na uwarsu. Ita ce take riƙe lissafin bashin masa da ƙosai na unguwa duka a ka, ba ta taɓa rubutawa ba, ba ta kuma taɓa kuskure ba. A aji ba ta damun kowa. Takan gama aikinta ta naɗe hannu ta yi shiru, saboda haka babu malamin da ya taɓa kiranta bayan an tashi.

Ta rubuta BECE a 2015, ta ci da kyau, aka ba ta gurbi a makarantar kwana. A lokacin ana biyan kuɗi tukuna, shekara biyu ya rage a ɗauke. Uban ya nemi rance bai samu ba. Babu wanda ya gaya musu akwai asusun da za a iya nema, babu wanda ya kai maganar gaban dattawa. Ikilisiyar da ta yi wa ƙanen baiko bayan shekara huɗu, ita ce ta ga yarinyar nan tana karanta nassi ran Lahadi da murya mai daɗi, aka ce Allah ya yi mata albarka, aka tashi. Ta koma bakin kasko wurin uwarta, daga baya ta koyi ɗinki. Gwana ce a ɗinkin, daga kekenta kuma ake biyan kuɗin ɗakin kwanan ƙanenta a jami'a.

Ba a ce ɗinki ƙasƙanci ne ba. A Littafin Fitowa an nuna Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin hannu na alfarwa, saboda haka gwanintar hannu ma baiwa ce daga sama. Abin baƙin ciki shi ne ba a ba ta zaɓi ba. Tsakaninta da ƙanenta babu bambancin basira da wani zai iya nunawa. Shi namiji ne mai surutu, ya faɗa hannun malami mai ido, ya kuma zo bayan an sake doka. Ita mace ce mai shiru, ta zo da wuri. Yarinya mai baiwa ta fi wuyar gani, domin tun tana ƙarama an koya mata kada ta nuna kanta.

Makaranta ta musamman ko aji na kowa

'Yan'uwa a Nijeriya sun gwada wata hanya. Jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ana zaɓen yara ta jarrabawa a tara su wuri ɗaya da malamai da kayan aiki, daga cikinsu kuwa likitoci da injiniyoyi da yawa suka fito. Gwamnatin tarayya kuma ta buɗe makarantar yara masu baiwa a Suleja a 1990. Ghana ma a shekarun baya-bayan nan ta gina sababbin makarantun kimiyya da fasaha, har da ta 'yan mata a gundumar Bosomtwe kusa da Kumasi.

Irin waɗannan makarantu suna da amfani, gama ƙarfe da ƙarfe ake wasawa, yaro mai kaifi kuma yana bukatar tsaransa. Amma gurabensu kaɗan ne, jarrabawar shiga kuma takan auna abin da aka koya wa yaro fiye da abin da zai iya koya. Ɗan da aka yi wa darasin gida shekara shida zai riga ɗan mai gadi shiga ko da bai kai shi basira ba. Saboda haka ko an gina makarantu na musamman ɗari, aikin fari yana nan a ajin gwamnati na unguwa, inda ake bukatar malamin da aka horar ya gane irin waɗannan yara, aka kuma ba shi littattafai da lokaci da ɗan abin ƙarfafawa.

Bayin da aka ba ajiya

Kowane mai bi ya san misalin talanti da Ubangiji Yesu ya bayar a Matiyu sura 25, na bayi uku da aka ba ɗaya biyar, ɗaya biyu, ɗaya guda, na ƙarshen ya haƙa rami ya binne nasa. An saba wa'azinsa cewa kowa ya yi aiki da baiwarsa. Gaskiya ne. Amma yaro ɗan shekara goma ba shi da ikon juya talantinsa. Ba shi yake cika takarda ba, ba shi yake yanke ko zai tafi makaranta ko gareji ba. Muddin yana ƙarami, talantinsa ajiya ce a hannun manya, wato iyaye da malamai da ikilisiya. Su ne bayin da za a tambaya. Bawan nan kuma bai saci kuɗin ba, bai ɓatar ba, tsoro ne ya sa ya ɓoye. Yawancin baiwar da aka binne a Zango ma tsoro ne ya binne ta: tsoron kuɗi, tsoron manyan wurare, tsoron kada yarinya ta yi nisa da gida.

A Littafin Daniyel an ga sarkin Babila, wanda bai san Allah ba, ya sa a zaɓo samari masu basira daga cikin kamammu, a koya musu shekara uku a kan kuɗin fada. Daniyel da abokansa sun karɓi ilimin, sun riƙe bangaskiyarsu, suka zama albarka ga mutanensu a baƙuwar ƙasa. In sarki arne ya san darajar kan ɗan baƙo, bai kamata jama'ar Allah su zama na ƙarshe wajen ganewa ba.

Akwai gargaɗi kuma. Yaro mai baiwa bai fi sauran yara daraja a gaban Allah ba, wanda aka ba biyu ya sami yabo iri ɗaya da wanda aka ba biyar. In ana kula da mai kaifi, kada a yi shi a hanyar da za ta sa ɗan'uwansa mai jinkirin ganewa ya ji shi ba kome ba ne. Shi kansa mai baiwar a koya masa cewa abin da yake da shi karɓa ya yi, domin hidima aka ba shi. Ilimi ba tare da tawali'u ba ya ɓata yara da yawa.

Abin da ikilisiya za ta iya

Ikilisiyar Zango ba ta da kuɗin gina kwaleji kamar yadda mishan suka yi a dā, amma tana da abin da ya isa farawa. Malaman makarantar Lahadi suna ganin yara kowane mako shekara da shekaru, sun san wanda yake haddace aya tun karatu ɗaya, da wadda take yin tambayar da ta gagari babba. Su faɗa wa iyaye da fasto, su sa ido musamman a kan 'yan mata masu shiru. Majami'a tana da benci da fitila, kwana biyar kuma a rufe take. A buɗe ta da yamma domin karatu, a ajiye akwatin littattafai, a roƙi ɗalibai na jami'a da malaman da ke cikin ikilisiya su ba da sa'a biyu a mako. Kada a hana ɗan maƙwabci Musulmi shiga, gama wanda ya tono baiwar ɗan mai gadi ma ba ɗan ikilisiya ba ne.

Kafin lokacin cika takardar zaɓen makaranta, dattawa su kira iyayen 'yan ajin ƙarshe, a sami wanda ya san tsarin wannan shekara ya bayyana musu da Hausa, domin dokokin suna sakewa. A naɗa mutum ɗaya mai aminci wanda aikinsa shi ne sanin inda ake neman tallafi da ranar da ake rufewa. A ware wani kashi na baikon godiyar kaka domin akwati da katifa, a rubuta shi a littafi, a karanta a gaban jama'a. Waɗanda aka taimaka kuma, in sun tsaya da ƙafafunsu, a tuna musu su juyo su ɗauki na baya.

Ba dukan yara ne za su hau dandalin gasa ba, ba kuma dukansu ne za su je jami'a ba. Amma kowace ikilisiya tana iya ƙudurta cewa ba za a ƙara samun yaro ko yarinya a cikinta da baiwarsu za ta kwanta a rami domin babu wanda ya tambaya ba. Ubangiji ya ba iyaye ƙarfin zuciya, ya sāka wa malamai masu aminci, ya buɗe idanun jama'arsa su ga ajiyar da ke hannunsu tun Maigida bai komo ba. Amin.